Sharhi: Mutuwar da ke biyo bayan ceto daga ɓaraguzai

A ranar Juma'a 10 ga watan Fabrairun 2023, kwana huɗu bayan girgizar ƙasar da ta auka wa kudancin Turkiyya da arewacin Siriya, wasu ma'aikatan ceto daga Jamus sun zaro wata mata mai shekaru 40 daga ƙarƙashin ɓaraguzan wani bene a garin Kirikhan.

Ta shafe sa'o'i 104 a danne. Kafofin watsa labarai a sassa daban-daban na duniya sun nuna yadda aka fito da ita a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, ma'aikatan na rungumar juna, wasunsu na hawaye.

Washegari Asabar aka ba da sanarwar cewa ta rasu a asibiti.

Irin wannan labari ba baƙo ba ne ga likitocin da suka saba aiki a wuraren da bala'i ya auku. Akan fito da mutum yana magana, yana neman ruwa, wani lokacin har yana murmushi, amma kafin sa'o'i kaɗan zuciyarsa ta tsaya, ko kuma bayan 'yan kwanaki ƙodarsa ta daina aiki.

Dalilan da ke jawo haka suna da dama, sai dai wanda ya fi fitowa fili shi ne larurar murƙushewar tsoka, wadda masana ke cewa ita ce ta biyu wajen kashe mutane a manyan girgizar ƙasa, bayan raunin da ke kashe mutum nan take.

Abin lura shi ne, daga cikin duk abubuwan da ke kisa a irin wannan yanayi, wannan larura na cikin waɗanda aka fi iya kauce musu, kuma da abin da bai fi ƙarfin asibitin ƙaramar hukuma ba.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Tsoka ita ce kusan kashi 40 cikin 100 na nauyin jikin babban mutum, kuma mafi yawanta na cinyoyi da ɗuwawu da sha-raɓa.

Idan wani abu mai nauyi, kamar katanga ko ginshiƙi ko rufin kankare, ya danne ƙafa, jini yakan daina isa wurin. Tsokar da aka matse aka kuma hana ta iskar oksijin takan fara lalacewa tun cikin sa'a ta farko, kuma bayan sa'o'i huɗu zuwa shida wani ɓangare nata ya riga ya mutu.

Muddin nauyin yana kan ƙafar, gubar da ke fita daga mataccen naman tana tsare a wuri guda, kamar ruwan da aka datse. Wannan ne ya sa mutum kan iya kwana biyu a ƙarƙashin gini yana hira da masu haƙa.

Da zarar an ɗaga nauyin sai jini ya koma cikin ƙafar, ya kwaso abin da ya taru, ya bazu da shi cikin jiki.

Na farko cikin abubuwan da yake kwasowa shi ne sinadarin fotasiyam. A jikin mai lafiya kusan dukkan wannan sinadari yana ƙunshe ne cikin ƙwayoyin halitta, musamman na tsoka, ɗan kaɗan ne kawai ke yawo a jini. Idan ya kwararo da yawa a lokaci guda yakan rikita bugun zuciya har ya tsayar da ita, wani lokacin ma kafin a kai ga motar asibiti.

A daidai wannan lokaci kuma tsokar da ta lalace takan riƙa zuƙe ruwa daga cikin jini kamar soso. Ƙafa guda na iya shanye lita da dama, ta kumbura ta yi tauri kamar itace, alhali jinin da ke zagaya sauran jiki yana raguwa. Mutumin da dama ya yini ko ya kwana bai sha ruwa ba, sai ga shi ya sake rasa wanda ke jikinsa.

Sai kuma mayogulobin, wato sinadarin da ke ba nama launin ja. Aikinsa a cikin tsoka shi ne ajiyar iskar oksijin, amma idan ya fito ya shiga jini sai ya nufi ƙoda.

Kowace ƙoda na ɗauke da ƙananan matatai kusan miliyan guda, kuma su biyun suna tace ruwan da ya kai lita 180 a kowace rana, su mayar da kusan dukkansa cikin jiki, su fitar da abin da bai wuce lita ɗaya da rabi ba a matsayin fitsari.

Idan jini ya yi ƙaranci, fitsari ya yi kauri, sai mayogulobin ya daskare cikin siraran hanyoyin da ke cikin matatan, ya toshe su, ya kuma ƙona bangonsu.

Alamar farko da kowa zai iya gani da idonsa ita ce launin fitsari. Yakan koma ja mai duhu kamar zoɓo, ko baƙi-baƙi kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Daga nan sai ya ragu, sai ya ɗauke.

Daga nan fotasiyam da sauran dattin jini ba su da hanyar fita, kuma in ba a samu na'urar wankin ƙoda ba, da wuya majiyyacin ya wuce mako guda ko biyu.

Daga Landan zuwa Armeniya

Likitoci sun fara lura da wannan al'amari tun bayan girgizar ƙasar Messina a Italiya a 1908, sannan likitocin Jamus sun gan shi a jikin sojojin da ramuka suka rufta da su a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1923 wani likita ɗan Japan, Seigo Minami, ya danganta mutuwar irin waɗannan sojoji da lalacewar tsoka da ta ƙoda.

Amma bayanin da ya ja hankalin duniya ya fito ne daga Landan a 1941, lokacin da jiragen yaƙin Jamus ke ruwan bama-bamai a kan birnin.

Dokta Eric Bywaters da abokin aikinsa Desmond Beall, na asibitin Hammersmith, sun ba da bayanin mutane huɗu da aka zaro daga gidajen da suka rushe. Dukkansu sun iso asibiti kamar ba abin da ya same su sai 'yar kumburar ƙafa. Dukkansu kuma sun rasu cikin kimanin mako guda, bayan fitsarinsu ya yi duhu ya ɗauke.

Tun a wancan lokaci Bywaters ya ba da shawarar a riƙa ɗura wa irin waɗannan mutane ruwa da wuri. Bayan yaƙin kuma yana cikin likitocin farko a Birtaniya da suka yi amfani da na'urar wankin ƙoda, wadda Willem Kolff ɗan ƙasar Holan ya ƙera.

Duk da haka sai da aka yi kusan shekaru 50 kafin duniya ta ɗauki batun a matsayin wani ɓangare na aikin agaji.

A ranar 7 ga watan Disamban 1988 girgizar ƙasa ta rusa garin Spitak da kewayensa a Armeniya, wadda a lokacin take cikin Tarayyar Sobiyet. Aƙalla mutane 25,000 suka mutu, kuma kimanin 600 daga cikin waɗanda aka ceto ƙodarsu ta tsaya.

Ƙasashe sun yi ta aiko da na'urorin wankin ƙoda da likitoci, amma babu wani tsari, kuma da yawa sun iso ne bayan waɗanda suka fi bukatarsu sun riga sun cika. Ihu ne bayan hari.

Wannan ne ya sa ƙungiyar likitocin ƙoda ta duniya ta kafa wata tawagar ko-ta-kwana a 1989, wadda ta yi shekaru tana aiki daga birnin Ghent na Beljiyam tare da ƙungiyar likitoci ta MSF, tana kai na'urori da ma'aikatan jinya duk inda aka yi girgizar ƙasa.

Abin da alƙaluman Turkiyya suka nuna

Babu ƙasar da ta tara sani a kan wannan larura kamar Turkiyya, kuma da tsada ta saye shi.

Girgizar ƙasar yankin Marmara ta ranar 17 ga watan Agustan 1999 ta hallaka mutane sama da 17,000. Likitocin ƙasar, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mehmet Sukru Sever na Jami'ar Santambul, sun bi diddigin duk wanda aka kwantar da matsalar ƙoda: mutane 639, daga cikinsu 477 sai da aka yi musu wankin ƙoda, 97 kuma suka rasu.

Wato fiye da kashi 80 cikin 100 sun rayu. Dalili kuwa shi ne bala'in ya auku ne kusa da Santambul da Bursa da Ankara, inda akwai manyan asibitoci da na'urori da wutar lantarki da ruwa.

Shekaru huɗu kafin nan, a birnin Kobe na Japan, an ƙirga mutane 372 da suka kamu da larurar bayan girgizar ƙasar watan Janairun 1995, kuma 50 daga cikinsu sun mutu.

Sai dai akwai wani abu a cikin waɗannan alƙaluma da ke iya ruɗin mai karatu.

A watan Oktoban 2005 girgizar ƙasa ta kashe mutane sama da 73,000 a yankin Kashmir na Pakistan, ninki huɗu ke nan na Marmara. Amma waɗanda likitoci suka yi wa rajista da matsalar ƙoda 88 ne kacal.

Wani zai ɗauka cewa mutanen Kashmir sun tsira daga larurar ne. Masanan da suka yi aiki a wurin sun danganta ƙarancin da abubuwa kamar irin ginin yankin, da kuma tsaunuka da zaftarewar ƙasa da suka datse hanyoyi, ta yadda waɗanda aka danne suka mutu a ƙauyukansu kafin wani likita ya gan su. An ga makamancin haka a Haiti a 2010.

Ashe ke nan yawan masu ciwon ƙoda a asibiti bayan bala'i alama ce ta cewa aikin ceto ya yi sauri. Inda aka ji shiru, a mafi yawan lokuta, ba a kai ga mutanen ba ne.

Haka kuma binciken na Marmara ya nuna cewa daɗewa a ƙarƙashin ɓaraguzai ba shi ne ma'aunin hatsari ba. Waɗanda ƙodarsu ta tabu sun yi kimanin sa'o'i 12 ne a danne, idan aka yi tsaka-tsaki, wasunsu ma ba su kai sa'a guda ba. Mutumin da ya kai kwana biyar da rai, galibi wanda ya samu ɗan sarari ne, gini bai hau kansa sosai ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne yawan tsokar da aka murƙushe, shi ya sa wanda aka danne wa cinyoyi biyu ya fi shiga hatsari a kan wanda aka danne wa hannu.

A 2023 an sake ganin bambancin da ke tsakanin mai tsari da marar shi, a wannan karon tsakanin ƙasashe biyu masu maƙwabtaka.

A Turkiyya, inda mutane sama da 50,000 suka mutu, asibitoci da dama a lardin Hatay sun rushe ko sun tsage, titin saukar jiragen sama na lardin ma ya dare. Duk da haka an kwashe dubban masu raunuka ta jiragen sama da na ruwa zuwa Adana da Mersin da Ankara da Santambul. Wani bincike da likitocin ƙodar ƙasar suka yi a kan majiyyata sama da 1,000 masu wannan larura ya nuna cewa kusan ɗaya cikin goma ne ya rasu a asibiti.

A arewa maso yammacin Siriya kuwa, yankin da a lokacin ke hannun 'yan tawaye, shekaru goma sha biyu na yaƙi sun riga sun durƙusar da asibitoci. Ayarin farko na motocin agajin Majalisar Ɗinkin Duniya bai ratsa mashigar Bab al-Hawa ba sai ranar 9 ga watan Fabrairu, kwana uku bayan girgizar, kuma sai bayan mako guda gwamnatin Bashar al-Assad ta amince a buɗe ƙarin mashigai biyu.

Ga wanda fotasiyam ke hauhawa a jininsa, kwana uku lokaci ne mai tsawo.

Ledar ruwa kafin katafila

Maganin da ya fi tasiri shi ne ruwan gishirin nan da ake ratayawa a kowane asibiti, wanda jama'a suka sani da ƙarin ruwa. Sharaɗin kawai shi ne a fara shi da wuri.

A watan Nuwamban 1982 wani bene da sojojin Isra'ila suka mayar hedikwatarsu ya rushe a birnin Taya na kudancin Labanon. Likitocin da suka kula da waɗanda aka zaro, ciki har da Farfesa Ori Better, sun ba da rahoton cewa mutane bakwai da aka fara yi wa ƙarin ruwa tun a wurin, babu ko ɗaya da ƙodarsa ta tsaya, duk da munin raunukansu.

An sake gwada hakan a garin Bingol na gabashin Turkiyya bayan girgizar ƙasar ranar 1 ga watan Mayun 2003. Daga cikin mutane 16 da aka gaggauta ɗura wa ruwa mai yawa, huɗu ne kawai suka kai ga bukatar wankin ƙoda. A Marmara, inda ruwan bai isa ga mutane da wuri ba, uku cikin kowane huɗu ne suka bukace shi.

Ƙa'idojin da Farfesa Sever da Farfesa Raymond Vanholder na Beljiyam suka jagoranci fitarwa a 2012 sun tanadi cewa da zarar an ga hannu ko ƙafar wanda gini ya danne, a nemi jijiya a sa masa allura, a fara ba shi lita guda a kowace sa'a idan babba ne. Idan haƙar ta wuce sa'o'i biyu sai a rage zuwa rabin lita. Yara kuma ana auna musu ne gwargwadon nauyinsu.

Hikimar ita ce a cika jijiyoyi da ruwa kafin a saki datsin, ta yadda zuciya za ta samu abin harbawa, ƙoda kuma ta riƙa wanke mayogulobin kafin ya daskare.

Ba kowace leda ce ta dace ba. Akwai nau'in ruwan da ke ɗauke da fotasiyam, irin wanda ake yawan sa wa masu amai da gudawa ko waɗanda suka zubar da jini, kuma ƙa'idojin sun ce a kauce masa a nan.

Ba kuma ana nufin a bar mutum a danne ana jiran likita ba. Kowace sa'a da ta wuce ƙarin tsoka ce ke mutuwa, don haka ana haƙa ne ana ɗura ruwa a lokaci guda. Haka nan masana ba su goyi bayan a ɗaure ƙafa tamau da igiya don hana gubar tafiya ba, sai fa idan jini ne ke tsartuwa. Yanke ƙafa ko hannu a wurin ma sai idan babu wata hanyar fitar da mutum.

An kai ga wannan mataki a Indonesiya a ƙarshen watan Satumban 2025, lokacin da ginin makarantar kwana ta Islamiyya ta Al Khoziny da ke Sidoarjo ya rufta kan ɗalibai suna tsakiyar sallar La'asar, ya kashe sama da 60. Masu ceto sun kwashe kwana uku suna haƙa ramuka da hannu, suna miƙa ruwa da iskar oksijin ga waɗanda ke da rai, sun kuma ƙi shigar da manyan injuna don gudun kada ginin ya ƙara zama a kansu. Ɗaya daga cikin yaran sai da likitoci suka rarrafa suka yanke masa hannu a ƙarƙashin kankaren kafin aka iya fito da shi.

Bayan an isa asibiti ma tsugune ba ta ƙare ba. Dole a riƙa auna yawan fitsari da kuma fotasiyam sau da yawa a rana, domin ruwan da ya ceci mutum a sa'o'in farko shi ne zai iya cika masa huhu idan ƙodar ta riga ta rufe.

Akwai kuma muhawarar da har yanzu likitocin tiyata da na ƙoda ba su gama ba, game da tsaga fatar ƙafar da ta kumbura don a sassauta matsin. Aikin na iya ceton ƙafar idan an yi shi da wuri, amma a Marmara an lura cewa waɗanda aka yi wa shi sun fi kamuwa da ƙwayoyin cuta a jini, wanda kuma shi ne kan gaba wajen kashe majiyyatan da suka tsallake kwanakin farko.

Inda babu girgizar ƙasa

Najeriya da Nijar ba sa cikin ƙasashen da ke fama da manyan girgizar ƙasa, amma tsoka ba ta tambayar abin da ya danne ta.

A watan Nuwamban 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa ya rushe a unguwar Ikoyi ta Legas, ya kashe sama da mutane 40. A cikin wannan watan ne kuma ramin haƙar zinari ya rufta a yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi, inda aƙalla mutane 18 suka mutu.

A watan Agustan 2023 wani sashe na babban Masallacin Juma'a na Zariya, wanda aka gina tun shekarun 1830, ya faɗo kan masallata. Ranar 12 ga watan Yulin 2024 kuma benen makarantar Saints Academy da ke unguwar Busa Buji a Jos ya rufta da ɗalibai, 22 suka mutu, aka kai sama da 130 asibitoci.

Ban da waɗannan akwai katangun da ke faɗuwa duk damina, da rijiyoyi da ramukan haƙar yashi da na ma'adinai, da tirelolin da ke kifewa kan fasinjojin da suka hau saman kaya.

A irin waɗannan wurare waɗanda ke fara isa su ne maƙwabta da 'yan agajin ƙungiyoyin addini da matasan unguwa, da shebur da diga da hannuwansu. Jarumtarsu ba abin musu ba ce. Sai 'yan kwana-kwana da jami'an hukumar agajin gaggawa ta NEMA ko ta jiha su biyo baya, sannan a nemo katafila.

Wanda ba a cika gani a bakin ramin ba shi ne ma'aikacin jinya riƙe da allura da ledar ruwa. A ganin wannan sharhi, nan ne giɓin da ya fi sauƙin cikewa, domin bai bukaci sayo wata na'ura daga waje ba, illa a sa asibiti mafi kusa cikin jerin waɗanda ake kira tun a kiran farko.

Alƙaluman da hukumomi ke bayarwa ma galibi sukan tsaya ne a ranar da aka kammala aikin haƙa: an ceto kaza, kaza sun mutu. Da wuya a dawo bayan mako biyu a faɗi nawa ne daga cikin waɗanda aka ceto suka koma gida da ƙafafunsu.

Akwai kuma waɗanda ba sa ma kwana a asibiti. Wanda bai karye ba, ba ya zubar da jini, yana tafiya da kansa, akan duba shi a sallame shi, ko danginsa su wuce da shi gida don gudun kuɗin gado.

A gida kuwa, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Akan je kemis a sayo masa magungunan kashe zafin ciwo irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda ke rage jinin da ke shiga ƙoda. Masu dubiya su zo da dabino da ayaba da lemu, abinci mai albarka ga mai lafiya, amma maƙare da fotasiyam. Idan kuma aka kai shi wurin mai ɗori aka ɗaure kumburarriyar ƙafa tamau da karare, an sake danne tsokar a karo na biyu. Likitocin ƙashi a arewacin Najeriya sun daɗe suna kokawa kan yawan hannuwa da ƙafafun da suke yankewa sakamakon ɗorin da ya matse.

Ba sai gini ya faɗo ba ma. Likitoci a Afirka ta Kudu sun yi rubuce-rubuce da dama a kan mutanen da jama'ar gari suka lakaɗa wa duka da bulala ko sanduna bisa zargin sata, aka kawo su babu karaya ko ɗaya, amma bayan kwana biyu ƙodarsu ta tsaya. Duka mai yawa a cinya da baya da ɗuwawu na lalata tsoka daidai da yadda katanga ke yi. Haka atisayen da ya wuce kima a cikin zafin rana.

Duk wanda ɗaya daga cikin waɗannan ya same shi, ya kuma ga fitsarinsa ya sauya launi ko ya ragu, asibiti ya kamata ya nufa a ranar, ko da yana jin ƙarfin jikinsa.

Kuɗin wankin ƙoda

Idan aka makara ƙodar ta tsaya, sai batun na'ura, kuma a nan ne talaucin ƙasa ke bayyana.

Zama ɗaya na wankin ƙoda na sa'o'i huɗu yana cin tataccen ruwa kimanin lita 120, ga wutar lantarkin da ba za ta ɗauke ba, ga ma'aikacin jinya da ya ƙware, ga kayan aikin da ake jefarwa bayan kowane zama. Na'urorin da ke akwai a manyan asibitoci kuma dama suna da masu su, wato masu ciwon ƙoda na dindindin da ke zuwa sau biyu ko uku a mako. Idan aka kawo mutane goma daga ginin da ya rushe, wani ne zai ba da layinsa.

Wani nazari da mujallar Lancet Global Health ta wallafa a 2016, wanda ya tattaro bincike daga ƙasashen Afirka kudu da Sahara, ya gano cewa a cikin manyan da ƙodarsu ta tsaya farat ɗaya kuma suke bukatar wanki, kashi 33 cikin 100 ne kawai suka samu. A cikin waɗanda ba su samu ba, kashi 86 cikin 100 sun mutu.

Abin takaicin shi ne wannan nau'i na ciwon ƙoda ya sha bamban da wanda hawan jini ko ciwon suga ke jawowa, wanda ba ya warkewa sai da dashe. Ƙodar da mayogulobin ya toshe takan farfaɗo da kanta, galibi cikin makonni biyu zuwa uku, muddin an riƙe mai ita da rai zuwa lokacin. Saboda haka ne ƙungiyar likitocin ƙoda ta duniya ta ƙaddamar da wani shiri a 2013 da burin cewa kafin 2025 kada kowa ya sake mutuwa saboda rashin maganin irin wannan ciwo. Shekarar ta zo ta wuce, burin bai cika ba.

A Najeriya dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar wanda ke bukatar kulawar gaggawa. Shirin motocin ɗaukar marasa lafiya na gwamnatin tarayya, NEMSAS, shi ma ya tanadi biyan kuɗin jinyar sa'o'i 48 na farko a jihohin da ya fara aiki.

Sai dai ciwon ƙodar da ake magana a kai sau da yawa yakan tsananta ne daidai lokacin da waɗannan sa'o'i 48 ke ƙarewa, bayan manyan jami'ai sun zo dubiya sun tafi, 'yan jarida kuma sun koma kan wani labarin.

A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar rage kuɗin zama ɗaya na wankin ƙoda daga kimanin naira 50,000 zuwa naira 12,000 a wasu zaɓaɓɓun asibitocinta, ciki har da asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri da cibiyar lafiya ta tarayya da ke Azare.

A Marmara an yi zaman wankin ƙoda 5,137, wato kimanin zama 11 ga kowane majiyyaci kafin ƙodarsa ta dawo. Idan aka lissafa da sabon farashin, naira 132,000 ke nan. A asibitin da rangwamen bai kai ba kuwa, kuɗin ya kai naira 550,000, ban da na gado da gwaje-gwaje da jini da magani, a ƙasar da mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 yake naira 70,000 a wata, kuma lebura mai ɗaukar kankare ko mai shiga ramin zinari ba ya ma cikin masu karɓarsa.